Ramuka Huɗu a Tsakar Gidanmu

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne. Karatu ya kai ni Khartum a 2006, na shiga Jami'ar Afirka da ke kudancin birnin, da na gama kuma Allah ya ƙaddara a can abincina yake. Na auri Bahaushiyar Sudan 'yar unguwar Inƙaz. Kakanninta na wajen uwa suna cikin mutanen da suka nausa gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka yada zango a Mai Wurno, kudu da Sinnar, suka zauna ke nan. Da safe ina koyar da Larabci a wata makarantar kuɗi, da yamma yaran unguwa su zo da allunansu ƙofar gida. 'Ya'yanmu huɗu. Filin gidan na surukata ne, Hajiya, tun lokacin da aka tashi mutanen unguwar Ishash aka ba su filaye a Inƙaz. Ni na gina ɗakuna biyu a gefe guda, ita tana nata ɓangaren, tsakar gida ɗaya ta haɗa mu.

Duk wanda ya kira ni daga gida, tambayarsa ɗaya ce: yaya yaƙin yake? Sai in rasa ta inda zan fara. Su bindiga suke tunani. Mu da muka zauna a ciki, abin da ya fi cin ranmu yana sama ne.

Ba zan ce mun shirya ba, don ba mu shirya ba. Ranar Alhamis 13 ga Afrilu 2023 rundunar soja ta fitar da sanarwa cewa dakarun RSF, rundunar ɗaukin gaggawa ta Janar Hamidti, waɗanda mutanen gari ke ce wa Da'am, suna tara mayaƙa a Khartum da Marawi ba tare da izini ba. Mun ji, mun tattauna a wurin buɗa baki, kowa ya tashi ya tafi tarawihi. Mun ga faɗuwar Bashir a 2019, mun ga juyin mulkin Oktoban 2021, kai ko daren da masana'antar makamai ta Yarmuk ta kama da wuta a Oktoban 2012 ina nan, muka kwana muna kallon sama ta yi jajawur, washegari kowa ya tafi aikinsa. Mutumin Khartum ya saba yaƙi abu ne da ake yi a Darfur ko Dutsen Nuba, a gani a talabijin. Birni mai miliyoyin mutane, amma babu jiniyar gargaɗi, babu maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa da talaka ya sani, babu wanda ya taɓa gaya wa yaro abin da zai yi in ya ji jirgi.

Ranar Asabar 15 ga wata, azumi na 24, ina kasuwar Suƙ Markazi ina cinikin albasa da kayan girkin Sallah, da hantsi, sai harbi ya ɓarke ta wajen Madina Riyadiyya, harabar wasanni, wadda ba ta da nisa da kasuwar. Mai albasar ya miƙo mini canjina ya ce, "Ustaz, kafin azahar za su sasanta." Da ƙafa na koma gida, buhu a kafaɗa, don motocin haya sun watse. Ban daɗe da shiga ba jirgin farko ya wuce. Ban gan shi ba. Wata tsawa ce kawai ta tsaga sama, kwanon rufi ya ɗauki rawa, tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne yaran unguwa sun fito titi da gudu, sun ɗaga kai suna nuna sama da yatsa suna murna. Da nawa a ciki.

Yadda yaƙin ya zauna tun ranar farko shi ne: Janar Burhan, shugaban soja, yana da jirage, suna tashi daga Wadi Sayyidna arewa da Omdurman, Hamidti ba shi da jirgin yaƙi, amma mutanensa sun bazu cikin unguwanni da motocin a-kori-kura masu manyan bindigogin kakkaɓo jirgi, waɗanda ake kira mudad. Na sama yana neman na ƙasa, na ƙasa yana harbin na sama, mu kuma muna tsakani da rufin kwano. Kafin mako ya zagayo yaro ɗan shekara shida ya san bambancin ɗayyara da dana da mudad, wato jirgi da harsashin igwa da bindigar kakkaɓo jirgi, da kunne kawai.

A watan Afrilu zafin Khartum yana wuce digiri 40, kuma babu mai kwana a ɗaki. Kowa gadonsa na igiya, angareb, yake fitarwa tsakar gida. Abu na farko da yaƙi ya ƙwace mana ke nan. Harsashin mudad da aka harba sama dole ya dawo, kuma ba ya zaɓen inda zai sauka. A dare na uku ɗaya ya huda kwanon madafarmu ya fasa tukunya. Daga nan muka kwashe zuwa ɗaki guda da ke da rufin kankare a duk gidan, ɗakin Hajiya. Wanda ya san surukuta a Hausa zai gane nauyin wannan. Shekara 12 ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa wuce bakin ƙofarta ba, gaisuwa ma daga tsugune nake yi a waje. Ga ni yau kwance a dandaryar ɗakinta, ƙafata na kusa da tata, ba wuta, gumi na tsiyaya, jaririya na kuka. Daren farko na juya fuskata bango ban runtsa ba. Can cikin dare na ji ta ce a hankali, "Malam, miƙe ƙafarka ka yi barci. Yau babu suruki, ɗa ne kawai."

Buɗa bakin da ake yi a titi, inda kowane magidanci ke fito da tirensa a shimfiɗa tabarmi a tare matafiyi a ce sai ya sha hilu-mur, abin shan azumin Sudan, shi ma ya koma barandar masallaci. An yi Sallah ranar Juma'a 21 ga wata. An ce an tsagaita wuta na kwana uku, amma da harbi muka yi kabbara, liman ya taƙaita huɗuba, ba a je fili ba.

Ranar 26 ga Afrilu motocin da za su kwashe 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar suka fara tashi. Na je bakin jami'a na yi sallama da ƙannenmu ɗalibai, na ba wani wasiƙa ya kai wa mahaifiyata. Fasfona yana aljihuna a ranar. Yayana ya kira ni sau bakwai, har ya yi fushi, ya ce, "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Ka fito, in ya so daga baya a san yadda za a yi da iyali." Na ce, "Yaya, in na hau motar nan, da wane ido zan kalli yaran nan gobe?" Matata da Hajiya takardun Sudan gare su, yaran kuma ban taɓa yi musu fasfo ba. Na tsaya har motar ƙarshe ta wannan rana ta ɓace, na juyo gida.

Wadda ta koya wa layinmu yadda ake rayuwa ƙarƙashin jirgi ba jami'a ba ce, ba likita ba ce. Mai shayi ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, Kirista 'yar Dutsen Nuba, wadda yaran layi duka ke kira Khala. Ta gudo Khartum bayan yaƙi ya dawo yankinsu a 2011, da tabon ƙarfe a damtsenta na hagu. Shekara goma muna gaisawa, ban taɓa tambayarta labarin tabon ba. Unguwanninmu na kudu, su Mayo da Mandela da Inƙaz, waɗanda ake haɗawa a ce Janubul Hizam, cike suke da irinta: mutanen da suka riga suka sha ruwan bam a Darfur da Kudu da Nuba, suka gudo babban birni don nan ne jirgi ba ya zuwa.

Ranar da ta ga yara sun sake fitowa kallon jirgi, da bulala ta kora su. Da yamma ta leƙo ta katanga ta ce, "Ustaz, kana da diga?" Na ce babu. Ta ce, "Nemo. Ka tara mini mazan layin nan."

A ƙofar gidana, inda almajirai ke zama, ta tsuguna da tsinke tana zane a ƙasa, mu magidanta goma sha wani abu muna tsaye muna saurare. Ta ce jirgi iri biyu ne. Akwai mai gudu, Mig, wanda in ka ji ƙararsa to ya riga ya wuce ka, sai dai ka yi wa na gaba addu'a. Akwai kuma Antonof, mai gurnani kamar tsohuwar injin niƙa, yana can sama sosai yana kewaye, ba ya sauri, kuma ba ya saiti. Shi ne ya yi mata tabo. Ta ce kada wanda ya gudu. Mai gudu a tsaye yake, ɓarɓashin ƙarfe kuwa na tsaye yake yanka. Ka faɗi rub da ciki a inda kake, ka toshe kunne, ka buɗe baki. Kada a taru a gindin katangar jan bulo ko ta laka, don waɗanda gini ya danne sun fi waɗanda wuta ta ƙona yawa a abin da ta gani. In bam ya faɗi, kada a ruga wurin nan take, jirgi yakan juyo. Sannan ta zo kan rami: mai ƙaramin baki, zurfinsa zuwa ƙugun babban mutum, nesa da bango. Wani ya ce to ai sai a haƙa babba ɗaya iyali su shige. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "A'a. Kada ka zuba 'ya'yanka duka a rami ɗaya. Ka bar wanda zai binne wani."

Babu wanda ya yi magana bayan wannan.

Ƙasar kudancin Khartum baƙar laka ce, da rani tauri gare ta kamar dutse, diga sai ta yi tsalle ta dawo. Sai an jiƙa ta kwana guda, ruwa kuma a lokacin ya zama abin lissafi, don famfo ya ɗauke, sai masu karo, wato keken jaki mai ganga, su ke kawowa daga rijiyar burtsatse mai sola, farashi kullum yana hawa. Ruwan wanki da na alwala muka riƙa tarawa muna zubawa. Diga biyu ce a layin gaba ɗaya, tana zagayawa gida gida. Kwana biyar muka yi ni da babban ɗana, mai shekara 11, hannuwanmu suka yi kanta suka fashe, muka gama ramuka huɗu: nawa da shi, na uwargida da jaririya, na 'yan matan nan biyu, da na Hajiya kusa da randa, inda ba sai ta yi tafiya mai nisa ba. Muka cika buhunan sukari da ƙasar da muka fitar muka jera a bakin kowane. Gilashin taga muka cire gaba ɗaya muka toshe da kwali.

Hajiya ta fito ta dubi nata, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Amma da raina da lafiyata ba zan shiga kabari ba. Ranar da Mai sama ya kira, ku saka ni da hannunku." Ba ita kaɗai ba ce. Tsofaffi da yawa haka suka ce, wasu ma suna ganin haƙa ramin rashin tawakkali ne. Ni ba ni da bakin musu da ita. Limaminmu ne ya ɗauki maganar ranar Juma'a, ya kawo hadisin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Da aka sallame ya tuɓe rawani, ya karɓi diga, ya sara a harabar masallaci a gaban kowa. Wannan ya juya mutane da yawa. Hajiya dai ta ce ta ji, amma ba ta shiga ba. In jirgi ya zo, mu mu faɗa rami, ita tana zaune a bakin gadonta da carbi.

Hukuma ta ɓace ɓat. Ba ɗan sanda, ba banki, ba albashi. Samarin kwamitocin unguwa, waɗanda a da muke ganin zanga-zanga kawai suka iya, su suka kafa abin da ake kira gurfatul ɗawari, ɗakin agajin gaggawa. Suka bi gida gida suka rubuta wa ke da ciwon suga, wa ke da tsohon ciki, wa ya iya allura, wa ke da Raksha, wato Keke Napep, mai mai a ciki. Suka buɗe takiyya a wata makarantar firamare, manyan tukwane biyu, yau adas (wani ƙanƙanin wake ne) gobe wake, kowa ya zo da kwanonsa. Kuɗin daga 'yan'uwa na Saudiyya da sauran ƙasashe yake shigowa ta manhajar Bankak, in an samu sabis. Har layin karɓar abincin suka tsara shi saboda jirgi: ba a taruwa, mutum biyar biyar ake kira, sauran suna rakuɓe a inuwar gidaje daban daban. Matata tana cikin masu girki. Ni kuma, da yake ana ce mini malam, aka ba ni wankan gawa da littafi.

Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta. Maƙabarta ta yi nisa, hanya duk shingaye ne, don haka a filin ƙwallo muke binnewa, wani lokaci a harabar makaranta, wani lokaci a cikin gidan mamacin. Aikina in rubuta suna, da rana, da wurin da aka sa shi, taku nawa daga wace bishiya, don in an zauna lafiya danginsa su san inda yake. Da likkafani ya ƙare muka koma zanen gado. Wanda ba a san shi ba, in rubuta kamanninsa da kayan jikinsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne mu wayi gari mu ga motar mudad ta fake a gindin dalbejiyar bakin layi. Kowa ya san ma'anarta: jirgi zai biyo. Sau biyu ina cikin dattawan da suka je roƙo a matsa da ita. Karon farko suka ji kunyar furfurar liman suka tafi. Karo na biyu wani yaro, gemu bai gama fito masa ba, ya nuna mu da bakin bindiga ya ce in muna tsoro mu bar unguwar. Mu bar ta mu je ina? Masu hali sun fice tun makonnin farko, sun nufi Masar da Bur Sudan. Wanda ya rage a Janubul Hizam shi ne wanda cinsa na yau sai ya fita yau. Kuma abin da har gobe yake yi mini ciwo, daga baya aka riƙa yi wa waɗanda suka zauna kallon magoya bayan wani ɓangare, alhali talauci ne ya ɗaure su. Na wanke gawarwakinsu da hannuna. Masu wanki da guga ne, da masu agashe, wato tsire, da mata masu sayar da gyaɗa.

An sa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayu cewa za a kare farar hula, aka sake sa hannu kan tsagaita wuta ta mako guda daga 22 ga wata. Mun ji a rediyo. Tsagaita wutar da muka yarda da ita ɗaya ce, habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar katanga ta rufe gari. A da in ta taso sai a yi ta salati ana rufe tagogi. A wannan shekara in muka hango ta ja ta taso daga kudu, sai mata su ce alhamdu lillahi, a ɗora tukunya, a yi wa yara wanka, don mun lura in sama ta rufe jirgi ba ya zuwa.

Watan Yuni ya fi kowane muni a wajenmu, saboda faɗa ya dawo kudu, wajen masana'antar Yarmuk da barikin 'yan sandan ko-ta-kwana. Ranar 17 ga wata bam ya faɗa unguwar Yarmuk, mutum 17 suka rasu, biyar yara ne, gidaje 25 suka rushe. Kwanaki kaɗan bayan haka namu ya zo. Da safe ne, ana shan shayi. Mudad ta fara tari daga bakin layi, muka san me ke tafe, kowa ya nufi raminsa. Na faɗa nawa na danne kan yarona, sai na ji ihu. Ƙaramar cikin 'yan matan nan biyu, mai shekara biyar, ta ƙame a tsakiyar gida, kofi a hannunta, ta rufe ido tana tsala ihu, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Kafin in yunƙura na ga Hajiya, matar da sai da sanda take zuwa bayan gida, ta fito ba sanda ba mayafi, ta sure yarinyar, ta yi taku uku, suka faɗa ramin kusa da randa tare.

Ban ji ƙara ba. Ƙasa ce ta ɗaga ni ta maka, iska ta fice daga ƙirjina, bakina ya cika da turɓaya. Da na ɗago, rana ta dushe, takardu da gashin kaji suna saukowa a hankali. Randa ta rabe biyu, ruwan yana gangarawa cikin ramin Hajiya. Wani guntun ƙarfe mai tsawon tafin hannu ya nutse a ƙafar angareb ɗin da take zama a kai, da na taɓa shi ya ƙona ni. Na leƙa ramin. Ta duƙunƙune a kan yarinyar, zanenta ya jiƙe sharkaf, leɓenta na motsi. Na ce, "Hajiya, kuna lafiya?" Ta ce, "Ɗauki 'yarka tukuna, Malam. Ni sai ka kamo hannuna." Ranar ce rana ta farko da na taɓa hannun surukata.

Gida na huɗu daga namu bam ɗin ya faɗa wa. Mai gidan tela ne, mutumin kirki, shi ya ɗinka wa yarana kayan Sallar da ba su saka ba. Ya haƙa rami kamar kowa, iyalinsa suna ciki sun tsira, shi kuma ya koma ɗaki ɗauko kan keken ɗinkinsa. Mun jira kamar yadda Khala ta ce, minti goma da suka fi shekara tsawo, muna jin matarsa tana kiran sunansa, sannan muka shiga da shebur da hannu. Shafi na tara a littafina.

Daga ranar Hajiya ba ta sake gardama ba, kuma yarinyar ta ƙi kowane rami sai na kakarta. Da damina ta sauka ramukan suka riƙa cika da ruwa, sauro ya samu gida, kullum da asuba sai mun kwashe da bokiti. Zazzaɓi ya kama yara ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ga musayyara, jirgi maras matuƙi, mai zuzun ƙudan zuma, wanda ko Khala ba ta san shi ba. Ta ce mini, "Ustaz, wannan ban da iliminsa. Ku kwanta kawai."

Ranar Lahadi 10 ga Satumba da sassafe aka kai hari ta sama kan Kasuwar Goro a Mayo. Sama da mutum 40 suka mutu. RSF ta ce soja ne, soja ya musanta. Samarin ɗakin agaji suka aiko a kira ni zuwa asibitin Basha'ir, wanda shi ne ya rage yana aiki a yankinmu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da 'yan sa kai suna riƙe da shi. A Raksha da keken jaki ake kawo mutane. Gawarwaki a jere a harabar asibiti an rufe su da abin da aka samu, mata suna bi suna ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya. Ana kira ta lasifikar masallaci duk mai iya ba da jini ya zo. Na tsuguna da littafina ina rubutu, har na zo kan wani yaro, sa'an babban ɗana, da ledar tumatir ɗaure a hannunsa, ba wanda ya san shi. Na rubuta: jallabiya ruwan toka, tabo a goshi. Alƙalamin ya ƙi ci gaba. Da ma ɗana nake aika kasuwa da safe, don an fi ƙyale yara a shinge.

Da na koma gida ban ce komai ba, Hajiya ta dubi fuskata ta kira 'yarta ta ce, "Ciro awarwaron nan ki ba Malam ya sayar. Gida ba ya gudu." Kwana shida bayan haka muka hau wata tsohuwar bas zuwa Wad Madani. Tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba ta cinye mana wuni guda, shinge bayan shinge. Littafin na damƙa wa liman, don kaburburan a can suke. Makullin gida kuma na miƙa wa Khala ta kan katanga. Na ce ta zo mu tafi. Ta ce, "Na gudu sau ɗaya, Ustaz, ga inda ya kawo ni."

A Madani na ga mutane suna kwana a tsakar gida hankali kwance, kamar mu a watan Afrilu. Na ce wa mai masaukinmu ya nemi diga, ya ce yaƙi ba zai zo jiharsu ta Jazira ba. A watan Disamba garin ya faɗi, muka sake ɗaura kaya zuwa Mai Wurno wurin dangin Hajiya. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 muka ƙara gaba zuwa Gadarif, inda muke har yanzu, ina koyar da yaran 'yan gudun hijira. A nan ciwon suga ya ci ƙarfin Hajiya, ta rasu a hannun 'yarta. An yi mata sutura da farin likkafani sabo, aka ɗauke ta a makara, jama'a suka raka ta maƙabarta da rana tsaka ba mai waiwayen sama. Ni na shiga kabarin na karɓe ta, kamar yadda ta ce.

A watan Maris na 2025 soja ya karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartum. Bayan 'yan watanni ƙanen matata ya je ya dubo gida. Ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta duk an kwashe. Liman yana raye, littafin yana wurinsa, ya cika har an ƙara na biyu. Khala ma tana nan, ta rame ƙwarai, ta ajiye allunan almajiraina a ƙarƙashin gadonta. Ya turo mini hoton tsakar gida, ciyawa ta fito a bakin ramukan, ya ce, "Yaya Malam, in sa a cike su? Sauro kawai suke tarawa."

A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai har Bur Sudan, garin da kowa ya ɗauka ya fi ko'ina aminci. Na ce masa ya leƙa ta katanga ya tambayi Khala. Ta ce a zuba yashi kaɗan ya shanye ruwan, a rufe bakinsu da kwano, amma kada a cike tukuna. Haka aka yi. Suna nan su huɗu, na Hajiya shi ne na kusa da inda randa take.